Ƙofar da Zan Bi In Shiga Soja

Mu 'yan Kurna da aka haifa a farkon shekarun 2000 ba a talabijin muka fara ganin soja ba. Barikin Bukavu na kan hanyarmu ta shiga gari, kuma bayan harin ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, sai ga soja har bakin titinmu: buhunan yashi, ganguna a tsakiyar kwalta, ga dokar hana fita. Mai babur sai ya sauka ya tura abinsa har ya wuce shinge. Manya na tsaki suna addu'a, mu kuwa yara abin da idonmu ke gani daban ne, mutumin da zai ɗaga hannu ɗaya motar Alhaji ta tsaya cak. Shekarata 11 lokacin. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni me zan zama, sai in ce hafsan soja. Ba na cewa soja kawai, don na ji an ce hafsa ake sara wa.

Gidanmu ba gidan kaki ba ne. Abba ɗan Kantin Kwari ne, yadi da shadda yake sayarwa. Soja ɗaya muke da shi a dangi, yayan Umma, wanda ya shiga kurtu ta Depo ɗin Zariya, ya je Laberiya da rundunar ECOMOG a shekarun 1990, ya ajiye aiki yana samanja. Yanzu abincin kaji yake sayarwa a Rijiyar Lemo. Duk sanda na kawo masa zancen soja, sai ya dube ni ya ce, "Allah ya raya," ya ci gaba da auna dusa.

NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja wadda aka kafa a 1964, ita na sa a gaba, kuma na haddace hanyarta kaf. Ka sa ta zaɓin farko a JAMB, ka zana tata jarrabawar, in ka haye a kira ka gaban kwamitin tantancewa, a auna tsayi, a duba ƙirji da ido, a sa ka gudu, a yi maka tambayoyi. Sojan ƙasa shekara 5 yake yi, ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa. Kowace jiha da nata kason, mu kuma Kano ga yawan jama'a, sai ka ga taron matasa a kan gurbi ƙalilan.

A 2019, muna ajin ƙarshe na sakandare, malaminmu mai ba da shawara kan sana'a ya shigo da wasu takardu ya raba. Tambayoyi ne a jere, ka sa alama a kan abin da ya dace da kai: kana son gyara abin da ya lalace, kana son jagorantar taro, kana son lissafi, kana son zane, haka dai. Ya ce tsarin wani Ba'amurke ne, John Holland, wanda ya kasa mutane da ayyukansu gida 6: masu aikin hannu da na'ura, masu bincike, masu fasaha, masu hidimar jama'a, masu jan ragama da iya shawo kan mutane, sai masu bin tsari da adana lissafi. Shi kansa Holland ɗin, in ji Malam, soja ne a yaƙin duniya na biyu, kuma daga cikin aikinsa har da zama da sababbin kurata yana yi musu tambayoyi don a san inda za a tura kowa. A nan ya lura cewa dubban mutane ne ke wucewa ta gabansa amma halayensu na maimaita kansu.

Da aka tattara maki, kusan duk mazan ajinmu shugabanni suka fito. Har da wanda ko monita ya hango sai ya sunkuyar da kai. Malam ya juya takardun yana dariya ya ce, "To masha Allah, duk ku janar-janar ne. Wa zai ɗauko ruwa?"

Ya ce wannan matsalar tare da gwajin aka haife ta. A 1917, da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, aka sa wani masani, Robert Woodworth, ya tsara tambayoyi na e ko a'a don a gano kuratan da ƙarar igwa za ta iya birkita wa ƙwaƙwalwa. Tambaya 116 ce, irin su ko mutum na firgita cikin barci. Amma saurayin da ya ƙwallafa rai a kan kaki, wa zai sa ya amsa cewa yana firgita? Takarda abin da ka gaya mata take dawo maka da shi. Daga baya na gwada wanda ake yi a waya, mai raba mutane gida 16 ya ba ka haruffa huɗu. Na cike shi cikin azumi, na sake cikewa bayan Sallah, haruffan suka canza, alhali ni ban canza ba sai dai cikina da ya cika.

Ni kaɗai na bi Malam ofis bayan an tashi, don na faɗa masa tun farko NDA zan cike. Abin da ya sa ni yi shi ne ya juya rayuwata, kuma ba wani abin kuɗi ba ne. Ya ce in sayi littafi mai shafi arba'in. Kowace tambaya a takardar nan, kada in rubuta abin da zan yi, in rubuta abin da na taɓa yi: a ina, yaushe, wa ya gani. Tambayar da ba ni da labarinta in bar gurbinta fari. In na gama, in kai wa mutanen da suka san ni ciki da bai, in karanta musu, in yi shiru.

Shafukan gyara su suka fara cika, har na ƙara takarda. Tun ina ƙaramar sakandare Abba ya damƙa ni hannun wani abokinsa mai gyaran waya a Farm Centre, don kada hutu ya lalata ni. Wanda ya san kasuwar ya san hayaniyarta: janareto ta kowace kusurwa, masu tallan caja, masu jan rigarka. Ni kuwa da zarar na zauna kan benci na jawo fitila, na ɗora injin waya ƙarƙashin madubin ƙara girma, duk wannan sai ya ɗauke. Akwai wata waya da ta faɗa kwata, maigidana ya duba ya ce ta mutu, a cire gilashin a sayar. Na roƙe shi ya bar mini ita. Na wanke injin da buroshi, na bushe shi, na riƙa bin layukan nan masu sirantar gashi da tsinken mita ɗaya bayan ɗaya, har na iske wani ɗan ƙwayar abu kusa da bakin caji ya yi tsatsa yana haɗa wuta. Na ɗauke shi da hantsaki, na ɗiga dalma, na sa batir. Da ta kawo haske, sai a lokacin na ji ana kiran la'asar, ashe ko abincin rana ban ci ba. Irin wannan labarin ina da shi da yawa: fankar masallaci, rediyon kakata, injin markaɗen maƙwabta.

Shafin jan ragama kuwa labari ɗaya na samu, kuma ba ni ne jarumin cikinsa ba. Muna cikin 'yan agajin unguwa ni da wani abokina da muka taso tare. Ranar wata Sallah aka tsayar da ni a ƙofar filin Idi, aka ce kada babur ya shiga. Wani dattijo ya zo da nasa, na ce, "Baba, don Allah a ajiye a waje." Ya daka mini tsawa, ya ce tun kafin a haifi ubana yake Idi a filin nan. Na matsa. Ganin ya wuce, sai na bayansa suka biyo. Abokina ya hango daga can, ya taho da sauri, ya tsaya tsakiyar ƙofa ya ware hannu, ya ce, "Ba mai wucewa!" Shekarunmu ɗaya, rigarmu iri ɗaya, amma kowa ya juya akalar babur ɗinsa. Har dattijon ya dawo da nasa yana gunaguni. A wannan safiyar dai, liman na shirin huɗuba lasifika ta ɗauke, manya na ta bubbuga makirufo, ni na bi waya da rarrafe tsakanin sahu har na samu inda kofaton doki ya tsinka ta, na feƙe da haƙori na haɗa. Ba wanda ya san ni na gyara, kuma da na zo rubutawa na lura ko a lokacin hakan bai dame ni ba.

Umma na fara karanta wa. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama. Ta ce, "Duk gaskiya ne, amma ka bar ɗaya. Kai ba ka da faɗa, riƙo gare ka. In aka yi maka tsawa da safe, har ka kwanta tana cikinka, tuwo ma ba ka ci sosai." Maigidana na Farm Centre ya ce bai taɓa samun yaro mai haƙuri da aiki kamata ba, amma ba ya barina da kwastoma mai zafi, don sai in yafe kuɗin gyara in dai za a rabu lafiya.

Na bar Kawu a ƙarshe don shi nake tsoro. Na same shi bayan azahar, kasuwa ta lafa. Ya karɓi littafin da kansa, ya sa tabarau, ya karanta har shafukan da ba komai a cikinsu, yana juya su a hankali kamar akwai rubutu. Ranar ce ya fara yi mini zancen soja da gaske.

"Kai yaro, soja nawa ka sani?"

Na ce na ƙasa, na sama, na ruwa.

"Wannan ai ko 'yar talla ta sani. Kai wanda ka gani a shinge shi ka ɗauka soja."

Ya lissafa mini da yatsu: sojan ƙafa makarantarsu na Jaji, masu tankar yaƙi Bauci, masu igwa Kaciya, injiniyoyi Makurɗi, 'yan sigina, wato masu kula da sadarwa, Apapa a Legas. Ga likitoci, ga masu albashi, ga masu abinci da sufuri, ga malamai, har limamai da igiya da anini. Ya ce a Laberiya, in dare ya yi a daji, mutumin da kowa ke leƙawa ya ga ko yana lafiya shi ne mai goye da rediyo, domin ran da oba-oba ta yi shiru ba ka san inda naka suke ba, ba ka san inda abokan gaba suke ba, ba mai kawo harsashi, ba mai ɗaukar wanda aka harba. Ya buga littafin da bayan hannu ya ce, "Wannan ɗan sigina ne ya rubuta shi. In ka shiga sojan ƙafa za ka iya, mutum ba abin da ba ya koya in ya sha gwale-gwale. Amma kullum kana aron halin wani, kuma yara talatin da ke bayanka za su gane aro ne tun kafin ka buɗe baki."

Sai ya koma kan maganar Umma, ya ce ita ce ta fi ba shi tsoro. A bariki tsawa ba ta nufin ƙiyayya, kofur zai zage ka da asuba ya raba gwangwanin kifinsa da kai da rana. Ƙa'idar ita ce ka bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. Wanda ke tara kowace tsawa a ciki, in ji shi, ko ya gudu ko ya zama mugun oga ran da ya samu igiya, kuma ya ga duka biyun.

Na fito daga shagon jikina a sanyaye. Har ga Allah na so ya ce mini zaki ne ni.

Abin da ya kwantar mini da hankali a makarantar dare na same shi, ba tare da na nema ba. Muna karatun hadisi aka zo kan wanda Muslim ya ruwaito, inda Abu Zarrin, Allah ya yarda da shi, ya nemi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami. Annabi ya dafa kafaɗarsa ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce, kuma ranar ƙiyama kunya ce da nadama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Malam ya ja hankalinmu cewa Abu Zarrin ba matsoraci ba ne, shi ne ya je Ka'aba ya ɗaga murya da shahada tun Musulmi na ɓuya, aka yi masa dukan kawo wuƙa. Ga jarumta, ga gaskiya, amma riƙon jama'a wani abu ne daban, kuma faɗa masa hakan bai rage masa daraja ba.

Da lokacin cike JAMB ya zo, Jami'ar Bayero na sa, injiniyan lantarki. Akwai hanyar da soja ke ɗaukar masu digiri kai tsaye, wadda ake kira DSSC: ka gama jami'a, ka yi bautar ƙasa, in an buɗe ka nema a fannin da ka karanta, a ba ka horo na watanni ka fito hafsa. Ta NDA ma ana zama ɗan sigina, sai dai a can buƙatar runduna ce a gaba da son ranka, ni kuma na fi so in shiga da sana'ata a hannu. Na san abin da na bari. Waɗanda suka yi shekara 5 ɗin nan su ne galibi ke riƙe manyan rundunoni, su ake naɗawa shugabannin soja. Wanda ya shigo ta ƙofata da wuya ya kai can, kuma Kawu bai ɓoye mini ba.

Abba ya yi murna, don a zatonsa na haƙura da kaki ke nan. A majalisarmu kuwa hukunci ɗaya aka yanke: tsoro ne. Lokacin kullum sai an ji labarin Borno da dajin Zamfara, kowa ya san inda ake tura sababbin hafsoshi. Na tambayi kaina wannan ma, na buɗe masa shafi a littafin. Ina jin tsoron mutuwa kamar kowa. Amma ɗan sigina ba a ofis yake kwana ba, da ayari yake tafiya, kuma eriyar da ke bayansa ita maharbi ke fara hange. In tsira nake nema, da na zauna a Farm Centre, inda yanzu haka nake samun na adaidaita sahu da na handawut.

Wani abin da ya hana ni sakin jiki da zancen "halinka kaza, aikinka kaza" shi ne Janar Murtala. Ɗan Kano ne, an haife shi a 1938, ya yi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, kuma sigina ne fanninsa, har Gowon ya ba shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1974. Amma duk wanda ya ji tarihinsa ya san ba mutum ne mai sanyi ba. Ya ja runduna ta biyu a yaƙin basasa, ya hau mulki a Yulin 1975, cikin wata shida da 'yan kwanaki ya girgiza ƙasar nan kafin a kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Fanni ɗaya, ga irinsa, ga irina mai zama kan benci. Da na kawo wa Kawu wannan sai ya ce ai shi ya sa bai ce in je in ɓuya a sigina ba. Hafsa hafsa ne, ko na waya ko na girki, za a ba shi mutane, kuma dole muryarsa ta fita.

Shi ya ɗora ni kan gyaran shafukan da suka fito fari. Ya sa na karɓi ajin yara maza a Islamiyyar unguwa, 'yan shekara 10 zuwa 13, waɗanda malamai biyu suka gudu suka bari, ya kuma hana ni riƙe bulala. Makonnin farko kasuwa ce kawai. A hankali na gano ba ƙarfin murya ne ke tsayar da su ba. In na ce wanda ya makara zai share aji, to ya share, ko ɗan mai unguwa ne, ko uwarsa ta aiko. Ran da na yafe wa ɗaya, washegari rabin ajin ne ke makara. Yanzu in na shiga na tsaya, ba na cewa komai, suna zama. Maganar riƙo kuwa, maigidana ne ya zama makarantata, don shi ba ya iya ba da umarni sai da faɗa. Na koyi in tsamo abin da yake so a yi daga cikin faɗan, in bar sauran a nan kasuwa. Umma ta ce an samu sauƙi, ba ta ce an warke ba. Gudu ma na fara, bayan asuba daga Kurna zuwa Ƙofar Ruwa in dawo, ranar Asabar mu hau Dala da wasu samari masu neman ɗan sanda da kwastan.

Karatun shekara 5 ya miƙe, ga korona a 2020, ga yajin aikin wata 8 a 2022. Abokin nan nawa na ƙofar Idi NDA ya cike, ya kuma samu, don shi tun asali an gina shi don wannan. Ya riga ya fito. Ran da ya zo gida da kaki, yaran layi suka bi motar da gudu, tsofaffi na sa albarka, ni ina tsaye da jakar kwamfuta da rigar da ta sha dalma. Ba zan ce ban ji komai a raina ba. Da dare muka zauna a dakalin ƙofar gidansu, ya ce ko na san abin da ya fi roƙo in sun fita sintiri? Kada sadarwa ta yanke. Ya ce in yi sauri in gama in zo, amma in sani ko na girme shi da wata uku sai na sara masa.

Yanzu ina shekarar ƙarshe, aikin kammalawata a kan eriya ne. Saura bautar ƙasa, sannan in zuba ido ga sanarwa, don ita ke faɗin iyakar shekaru da fannonin da ake nema a wannan zagayen, kuma masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. In ba a ɗauke ni a sojan ƙasa ba zan gwada na sama, su ma suna ɗaukar injiniyoyi. Abba ya gane ban haƙura ba, ya daina zancen. Umma kuwa duk sanda na tayar da maganar sai ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuma har yau ba ta ce ta yarda ba. Kawu ya ce wannan aikin nawa ne, shi ba zai sa baki tsakanina da ƙanwarsa ba.